Tashar da ke ratsa saman Kano bayan Magariba: amsoshin tambayoyinku

Tun daren da na fito da ɗalibaina filin makaranta muka kalli tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ake kira ISS, wayata ba ta huta ba. Iyaye na tambaya, abokan koyarwa na tambaya, har mai shayin bakin layinmu. Tambayoyin kuma ba sa canzawa. Ga su nan na tattara. Wanda ya sake tambaya, wannan zan tura masa.

Wai da gaske akwai mutane a ciki?

Akwai. Tun 2 ga Nuwamba, 2000 ba ta taɓa kwana babu kowa a cikinta ba. Galibi mutum bakwai ne.

Nisanta fa?

Kimanin kilomita 400, kusan tafiyar Kano zuwa Abuja da za a miƙe ta sama. Tana gudun kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya cikin minti 90 da 'yan kai.

Ta Amurka ce, ko?

Wannan ce tambayar da ta fi ɓata mini rai, domin tana binne abin da ya fi komai daraja a aikin. Hukumomi biyar ke da ita: ta Amurka, ta Rasha, ta Turai, ta Japan da ta Kanada. Ɗakinta na farko, Zarya, Rashawa suka ƙera, Amurka ta biya kuɗinsa, aka harba shi daga Baikonur a Kazakistan ranar 20 ga Nuwamba, 1998. Kanada ta kawo dogon hannun ƙarfen da ke cafke kumbon kaya. Japan ta kawo ɗakin gwaji mai suna Kibo, Turai ta kawo Columbus.

Da kumbon Amurka mai suna Columbia ya tarwatse a 2003, Amurka ta dakatar da jiragenta, kumbon Soyuz na Rasha ne ya riƙe tashar. Daga tsakiyar 2011 zuwa farkon 2020 ma duk Ba'amurken da ya hau, a Soyuz ya hau. A Maris 2022, ana tsaka da yaƙin Yukren, gwamnatocin biyu ba sa ga maciji da juna, amma ɗan sama jannatin Amurka Mark Vande Hei a kumbon Rasha ya sauko gida tare da Rashawa biyu. An gina ta yadda kowane ɓangare ke buƙatar ɗan'uwansa, shi ya sa rigimar ƙasa ba ta raba su ba. Sin ba ta ciki. Tata tashar, Tiangong, ta kammala a 2022.

Mu da ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, ina ruwanmu da abin da ya ci sama da dala biliyan 100?

Hajiyar da ta yi mini wannan tambaya tana da gaskiyarta, kuma ba zan yaudare ta ba: tashar ba za ta haƙa wa unguwarta burtsatse ba. Amma ki duba, Hajiya. Kai ruwa can yana da tsada ƙwarai, dole ta sa suka koyi tace gumi da numfashi da fitsari su koma ruwan sha. A 2023 sun kai ga maido da kashi 98 cikin 100. Garin da ruwa ke wa wahala bai kamata ya raina irin wannan ilimi ba.

Akwai kuma na'urar ECOSTRESS da aka maƙala mata a 2018. Zafin jikin shuka take aunawa daga sama, ta nuna gonar da ke jin ƙishi tun ganye bai yi yaushi ba. Bayananta kyauta ne a intanet. Ku tuna noman rani na Kadawa da Kura da ke shan ruwan Tiga, sannan ku gaya mini ba mu da buƙata. Abin da ya rage shi ne yaranmu su iya karanta bayanan, kuma a nan ne nake jin zafi.

Nijeriya ma ta taɓa amfana kai tsaye. A 2017 an saki ƙaramin tauraron ɗan adam, Nigeria EduSat-1, daga ɗakin Kibo, aikin jami'ar fasaha ta Akure tare da wata jami'a a Japan. Ba mu sa ko ƙusa ɗaya a ginin tashar ba, amma ƙofar haɗin gwiwa ta buɗe mana.

Yaya Musulmi ke sallah a inda rana ke fitowa sau 16 cikin awa 24?

Kada wannan ya tayar muku da hankali, malamai sun riga sun duba. Da Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya zai tafi a 2007, cikin Ramadan, malaman ƙasarsa suka rubuta masa jagora: salloli biyar cikin awa 24, bisa lokacin wurin da aka harba shi, ya fuskanci Ka'aba in zai yiwu, in ba haka ba duniya, in ya gagara duk inda ya samu. Sultan Al Neyadi na Daular Larabawa ma ya yi wata shida a can a 2023.

Malam, yaya zan gan ta da idona?

To, nan sai an yi haƙuri, domin amsar ta dogara da abubuwa da yawa. Tashar ba ta da fitilar da za ka hango, hasken rana take mayarwa. Saboda haka dole kai kana cikin duhu, ita kuma rana na dukanta a sama. Hakan na faruwa tsakanin Magariba da bayan Isha'i kaɗan, ko gab da Asuba. Da tsakar dare tana iya wucewa ta kanka ba ka sani ba.

Kuma ba kullum ba ne. Hanyarta na gusawa, sai ka samu darare biyu ko uku a jere, sannan a yi makonni shiru. Nemi manhajar Spot the Station ta NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, sa Kano, za ta ba ka lokaci da kusurwa da tsayi. Ka kula da tsayin, wato yadda za ta ɗago a sama, inda digiri 90 ke nufin daidai kanka: in bai kai digiri 20 ba, a cikin gari da wuya, benaye da ƙura za su tare ka. Daga 40 zuwa sama shi ne na fita da yara.

Ko hakan ma ba tabbas. Lokacin hunturu hazo kan shafe ƙasan sama gaba ɗaya, da damina kuma hadari. Daren da ya biyo bayan ruwan sama ya fi, ko ƙarshen damina kafin hazo ya sauko. Ka nemi fili ko saman soro, nesa da fitilun titi. Wanda ke kusa da Dala ko Goron Dutse ya samu wuri. Ka fito minti biyar kafin lokaci, domin ba ta jira.

Abin da za ka gani fari ne, mai haske kamar Zara, yana tafiya a natse ba ƙyaftawa. In ka ga ja da kore suna walƙiya, jirgi ne mai sauka filin Malam Aminu Kano. In jerin ɗigo ne kamar carbi, taurarin ɗan adam na Starlink ne. Ita takan ɗauki minti biyu zuwa shida, wani lokaci ta dushe a tsakiyar sama. A darenmu wata yarinya 'yar aji biyu ta riƙe hannun ƙawarta ta ce, "Malam, ta mutu!" Inuwar duniya ta shiga kawai. Kuma don Allah ku ajiye wayar nan ku kalla, hoton ba zai fito ba.

An ce za ta faɗo. A kanmu?

A'a. An tsara ta yi aiki zuwa 2030. A 2024 NASA ta ba kamfanin SpaceX aikin ƙera kumbon da zai jawo ta ƙasa cikin tsari. Mafi yawanta zai ƙone a iska, ragowar ya faɗa wani yanki na teku da babu mutane. Ku daina tura wa iyayenmu saƙon tsoratarwa a WhatsApp.