Waiwaye: Wa Ke Yanka wa Kyau Farashi a Tallan Kayan Ƙawa?

A da, telolin Turai a jikin 'yar tsana suke nuna sabon ɗinki. Charles Frederick Worth, baturen Ingila da ya buɗe gidan ɗinki a Paris a 1858, shi ake dangantawa da sauya wannan al'ada, domin matarsa Marie Vernet ce ke sanya kayan masu saye su gani. A 1923 John Robert Powers ya buɗe kamfanin dillancin masu talla a New York, na Ford Models ya biyo baya a 1946. Daga nan fuska da tsayi suka zama haja, har da dillali da la'adarsa.

Masana tattalin arziki suna da bayani a kan irin wannan haja. Alfred Marshall ya nuna a 1890 cewa buƙatar ma'aikaci tana bin buƙatar abin da yake samarwa ne: ana neman mai yaɓe saboda ana neman gida. Haka ita ma mai talla, ana nemanta don a sayar da riga.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Mai gini yana iya auna bangon da aka yaɓe masa, amma wa zai ƙirga rigunan da fuska ɗaya ta sayar? Da yake babu ma'auni, sai editocin mujallu da manyan teloli da dillalai suka koma kallon juna. Wadda wane ya ɗauka, ita kowa ke rububi. Masanin tattalin arziki Sherwin Rosen ya bayyana a 1981 yadda a wasu sana'o'i 'yan tsiraru ke kwashe kusan duk ribar. Shekara tara bayan haka fitacciyar mai talla Linda Evangelista ta ce ita da takwarorinta ba sa tashi daga barci a kan abin da bai kai dala 10,000 a yini ba. Da Tarayyar Sobiyat ta rushe a 1991, 'yan mata daga Gabashin Turai suka yi ta kwararowa, haja ta yi yawa, na ƙasa suka koma aiki da bashin dillali a wuya.

Shekara da shekaru ana sallamar baƙaƙen mata da cewa kasuwa ba ta son su. Sai 1974 baƙar mace ta farko, Beverly Johnson, ta hau bangon mujallar Vogue ta Amurka. Naomi Campbell ta hau na Faransa a 1988, kuma ta sha faɗa cewa sai da babban telo Yves Saint Laurent ya yi barazanar janye tallansa daga mujallar. Ashe kasuwar da ake ta fakewa da ita mutum ɗaya ma yana iya juya ta! Batun ramewar masu talla fiye da kima ma haka: ba masu saye ne suka taka birki ba, hukuma ce, a Madrid a 2006, sannan Faransa da dokar takardar likita da ta fara aiki a 2017.

Instagram ce ta kawo abin ƙirgawa, wato yawan mabiya. A 2017 mujallar Forbes ta ɗora Kendall Jenner a kan gaba cikin masu talla wajen samun kuɗi da dala miliyan 22, ta ture Gisele Bündchen da ta riƙe kambun tun 2002. Jenner kuwa da sunan gidansu da miliyoyin mabiyanta ta shigo sana'ar.