Kamu a Ƙetare: Yaushe Ya Zama Satar Mutum a Idon Doka?

Da zarar an ji labarin an cafke wani a ƙasar waje an sako shi a jirgi zuwa gida, sai jama'a su rabu biyu. Wasu su ce sace shi aka yi, wasu su ce tunda mai laifi ne, ko a buhu aka kawo shi daidai ne. Duka ɓangarorin suna yin gaggawa.

Miƙa wanda ake tuhuma halas ne idan an bi hanya: ƙasar da ke nemansa ta shigar da buƙata a hukumance, alƙalin ƙasar da yake zaune ya duba hujja, shi kuma ya samu lauya da damar ɗaukaka ƙara. Ko an bi duk wannan, sashe na 3 na yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984 ya haramta miƙa shi inda ake da ƙwaƙƙwaran dalilin cewa za a gana masa azaba. Wannan kariya ta shafi kowa, har wanda ake zargi da ta'addanci.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan ɓatar da mutane, wadda aka amince da ita a 2006 ta fara aiki a 2010, ta tara abubuwa uku a sashe na 2 waɗanda idan suka haɗu ake cewa an ɓatar da mutum: a tauye wa mutum 'yanci, da hannun gwamnati a ciki, sannan a musanta ana tsare da shi ko a ɓoye inda yake. Ba ta ƙayyade kwanaki ba, don haka cewa "ai kwana uku kacal ya yi" ba hujja ba ce.

Maganar hannun gwamnati ita ce ke rikita mutane. Ba sai jami'i mai kaki ya yi kamun ba. 'Yan haya ma sun shiga, muddin da izini, tallafi, ko kau da kan hukuma. Ƙasar da ta buɗe filin jirginta ta yi shiru ita ma ba ta tsira ba. An tsare Khaled El-Masri, ɗan Jamus, kwana 23 a wani otal a Skopje, babban birnin Masedoniya, aka miƙa shi ga CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, aka kai shi Afganistan. A 2012 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ɗora wa Masedoniya alhaki, ta umarce ta biyan yuro 60,000. Kuɗin bai taka kara ya karya ba idan aka dubi abin da ya sha.

Batun hukunci kuwa, yarjejeniyar ɓatar da mutane ba ta yanke shekaru ba, ta bar wa kowace ƙasa. Waɗanda aka kama a 1984 lokacin da aka gano Umaru Dikko a sume cikin akwati a filin jirgin Stansted sun samu ɗaurin shekara 10 zuwa 14 a Ingila. A 2009 wata kotun Italiya ta samu Amurkawa 23 da laifin sace wani limami ɗan Masar, Abu Omar, a Milan, amma a bayan idonsu aka yi shari'ar.

Inda lamarin ya fi ciwo shi ne makomar wanda aka riga aka sato. A 1991 kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Kudu ta soke hukuncin Ebrahim Ismail Ebrahim saboda sato shi aka yi daga Swaziland. Shekara guda bayan haka, Kotun Ƙolin Amurka ta ce a ci gaba da shari'ar likita Alvarez-Machain duk da an sato shi daga Meziko, wai yarjejeniyar miƙa masu laifi da ke tsakaninsu ba ta hana hakan ƙarara ba.