Ɗanka naka ne, amma ƙyanda ba ta san katanga ba

Duk ranar da muka fita zagayen rigakafi a unguwannin Garwa, a arewacin Kamaru, ba ma rasa maigidan da zai tare mu a zaure ya ce, "Malama, 'ya'yana ne, ni ke ci da su, ba mai tilasta mini." Ba na ja da shi. Gidansa ne, mu kuma ba da jandarma muka zo ba.

Amma Alhaji, bari in gaya maka abin da nake gani a asibiti. Yaron da ya kamu da ƙyanda yana fara yaɗa ta kwana 4 kafin ƙuraje su feso masa, lokacin da kowa ke cewa mura ce. In ya yi tari a ɗaki, ƙwayar cutar tana iya kai awa 2 a cikin iska bayan ya fita. A irin haka yaro ɗaya kan shafa wa 12 zuwa 18 cikin waɗanda ba su da kariya. Ka tuna makarantar allo, ka tuna gidan suna.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne jinjirin maƙwabcinka. Sai ya cika wata 9 ake yi masa allurar ƙyanda. Kafin nan, babbar garkuwarsa ita ce a ce yaran da ke kewaye da shi an yi musu. Na taɓa riƙe wata 'yar wata 7, idanu sun yi ja, baki ya bushe, numfashi sama-sama. Uwarta ba ta taɓa tsallake ranar awo ba. Daga gidan da aka kore mu cutar ta tsallako. Shi ya sa ake son a samu yara 95 cikin 100 da allura kafin a ce unguwa ta tsira.

Mun ga irin wannan da shan inna. Da aka dakatar da rigakafi a Kano a 2003, cutar ba ta tsaya a kan iyaka ba, ta shigo Kamaru da Chadi. Sai a watan Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayarta, bayan an sha wahalar bi gida-gida.

In kana da shakka, haƙƙinka ne ka tambaya. Ka sa in nuna maka kwalbar, ka duba kwanan watan, ka je wurin liman ko jauro, wato mai unguwa, ka ji ta bakinsu. Allurar kyauta ce. A ba uwargida katin yaro ta zo da shi da safe, kafin rana ta take.