Aduwa

Aduwa itaciya ce ta daji mai ƙaya, masana na kiranta Balanites aegyptiaca. Barebari na ce mata bito, Zabarmawa kuma garbey. Ana samunta tun daga Senegal har Sudan da ƙasashen Larabawa. A jihar Damagaram ba kasafai ake shuka ta ba, da kanta take tsirowa, awaki su ci 'ya'yan su yar da ƙwallon wani wuri, shi ya sa za ka gan ta tsaye shar cikin rani a hanyar Tanut ko Gure bayan sauran itatuwa sun kaɗe.

Siffa

Tsawonta bai cika wuce mita 10 ba. Ganyenta bibbiyu ne, ƙayarta doguwa kuma koriya. Ɗan aduwa kamar dabino yake, in ya nuna sai ɓawon ya bushe, ka murje shi da yatsa ka tsotse, zaƙi ya fara zuwa sannan ɗaci ya biyo baya.

Tarihi

An tsinci ƙwallayenta a kaburburan Misira na zamanin Fir'auna, ana ƙiyasin sun kai wajen shekara 4000. Sunan da masana ke amfani da shi yanzu wani Bafaranshe ne, Delile, ya raɗa mata wajajen 1813.

A nan gida kuwa babban matsayinta shi ne allo. Icen aduwa na da ƙarfi da santsi, yana karɓar tawada, a wanke a sake rubutu shekara da shekaru bai tsage ba, don haka masassaƙa ke nemanta, kuma allunan almajirai da yawa a unguwannin Birni da Zango na garin Damagaram daga jikinta suka fito. Da ita ake ƙotar gatari da ta fartanya ma. Lokacin yunwar 1984, wadda ake ce ma El Buhari, ganyenta da 'ya'yanta na cikin abin da ya riƙe mutanen karkara, mata su tsinko dubagira, wato tohon aduwa, su dafa su zubar da ruwan ɗacin, a kwaɗa a ba yara.

Amfani a yau

Ana sayar da 'ya'yanta a tiya a kasuwar Dole ta garin Damagaram. Ana fasa ƙwallon a tatsi mai.

Magani

Ana jiƙa ta don ciwon ciki da tsutsa. Batun cewa tana maganin ciwon suga kuwa, likitoci ba su tabbatar ba tukuna.