Tilasta sauya addini

Tilasta sauya addini shi ne a sa mutum ya bar addinin da yake kai, ko ya shiga wanda bai zaɓa ba, ta hanyar ƙarfi, barazana, ko a matsa masa har ya rasa mafita. Ya haɗa da tilasta wa mai addini ya bar addini ɗungurungum, kamar yadda gwamnatin Albaniya ta yi a 1967 da ta rufe masallatai da coci-coci baki ɗaya. Ba wa'azi ake nufi ba, ba kuma muhawara ba. Mai wa'azi yana barin mai sauraro da ikon cewa a'a. Tilas kuwa wannan ikon yake ƙwacewa.

Ba kullum da takobi tilas ke zuwa ba. Wani lokaci hana aiki ne, ko korar yaro daga makaranta, ko raba uwa da 'ya'yanta, ko a ce ba magani sai an karɓi addini.

Abin da tarihi ya nuna

Kusan babu babban addinin da mabiyansa ba su taɓa shan tilas ba, kuma kaɗan ne waɗanda ba a taɓa aikata shi da sunansu ba. A ƙarshen ƙarni na 8 sarki Charlemagne na yammacin Turai ya sanya hukuncin kisa kan duk ɗan ƙabilar Saxon da ya ƙi baftisma, har malaminsa Alcuin ya nuna rashin yarda, yana mai cewa bangaskiya da son rai ake karɓarta. A ƙarni na 12 daular Muwahhidun ta matsa wa Yahudawa da Kiristocin Magrib da Andalus su musulunta ko su bar ƙasa; iyalan masanin nan Musa ɗan Maimun suna cikin waɗanda suka bar Kurɗuba.

Amma inda lamarin ya fi fitowa fili shi ne Sifaniya. A 1492 aka bai wa Yahudawa zaɓi: baftisma ko hijira. A 1497 Fotugal ta yi wa nata baftismar dole. Musulmin masarautar Kastil ta Sifaniya suka fuskanci haka a 1502, na masarautar Aragon a wajajen 1526. Sai me ya biyo baya? Hukumar da ta tilasta mutane ta san sarai da tsoro suka amsa, don haka ba ta taɓa yarda da su ba. Kotun bin diddigin aƙida, wato Inkwizishan, da aka kafa a 1478, ta shiga leƙa asirin gidaje. Maƙwabci ya kai ƙarar maƙwabci don ya ƙi cin naman alade, ko ya yi wanka ya sa fararen kaya ranar Juma'a, ko ba a ga hayaƙi daga murhun gidansa ranar Asabar ba. Bayan fiye da shekara ɗari ana wannan sa ido, tsakanin 1609 da 1614 aka kori jikokin waɗannan Musulmi, da ake kira Moriskawa, kusan su 300,000, alhali dukansu an yi musu baftisma. Wannan shi ne ciwon tilas: yana samun furucin baki, zuciya ta gagare shi, sannan zargin da ya haifar ya zama dalilin sabon zalunci.

A Faransa, gabanin soke Dokar Nantes a 1685, wato dokar da ta bai wa 'yan Furotesta damar yin addininsu, an riƙa sauke sojoji a gidajen 'yan Furotesta, su ci su sha su lalata kaya har maigida ya sa hannu ya koma Katolika. A Japan, bayan haramta Kiristanci a 1614, an riƙa sa mutane su taka hoton Yesu ko na Maryamu da ƙafa don a gane mai imani. Duk da haka, a 1865 wasu ƙauyawa suka bayyana kansu ga wani limamin coci a Nagasaki. Iyaye da kakanni sun riƙe addinin a ɓoye kimanin shekara 250.

Abin bai zama tarihi ba tukuna. A 2014 ƙungiyar ISIS ta afka wa Yazidawan Sinjar a Iraki, wata al'umma mai addinin kanta, ta kashe mazan da suka ƙi barin addininsu, ta bautar da mata da yara, kuma a 2016 kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kira abin kisan ƙare dangi. A Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, Amnesty International ta ba da rahoto a 2015 cewa mayaƙan Anti-balaka sun tilasta wa wasu Musulmi shiga Kiristanci.

Matsayin addinai da doka

Alƙur'ani ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 256, babu tilastawa a cikin addini, kuma jumhurin malaman fiƙihu ba su halatta a musuluntar da ma'abuta Littafi da ke ƙarƙashin amana da ƙarfi ba. Cocin Katolika, a babban taronta na Vatikan na biyu a 1965, ta bayyana cewa ba wanda za a tilasta wa ya karɓi bangaskiya.

A dokar ƙasa da ƙasa, sashe na 18 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948 ya bai wa kowa 'yancin tunani da addini, har da sauya shi. Wannan kalma ta sauyi ta jawo ja-in-ja, tana kuma cikin dalilan da suka sa Saudiyya ta ƙaurace wa ƙuri'ar amincewa da Sanarwar a Majalisar Ɗinkin Duniya. Da aka zo yarjejeniyar haƙƙoƙin jama'a da siyasa ta 1966, sai aka ce mutum yana da 'yancin riƙe ko rungumar addinin da ya zaɓa, aka kuma haramta tilas ƙarara. Kwamitin da ke kula da yarjejeniyar ya fayyace a 1993 cewa barazanar duka, hukuncin kotu, da hana ilimi, magani ko aiki duk tilas ne. Ko a dokar ta-ɓaci ba a dakatar da wannan haƙƙi. Gwamnati na iya iyakance yadda ake bayyana addini a fili saboda tsaro ko lafiyar jama'a, amma abin da ke zuciyar mutum ba hurumin ta ba ne.

Wahalar tana wajen shata iyaka. Jihar Orissa (Odisha a yau) ta Indiya ta yi dokar hana sauya addini ta tilas ko kwaɗaitarwa tun 1967, wasu jihohi suka bi sahu, sai dai masu suka na cewa ana amfani da dokokin wajen tsangwamar waɗanda suka sauya da son ransu. A Sindh ta Pakistan kuwa, inda ake yawan kukan sace 'yan matan Hindu da Kirista a aurar da su a ce sun musulunta, majalisar lardin ta amince da ƙudurin hana sauya wa ƙananan yara addini a 2016, amma bai zama doka ba saboda adawar wasu ƙungiyoyin addini.