Waiwaye: Cicely Tyson da rawar da ta ƙi takawa

A shekarar 1940, lokacin da Hattie McDaniel ta zama baƙar fata ta farko da ta lashe kyautar Oscar, a wani tebur na daban aka zaunar da ita can gefen zauren bikin a Los Angeles, nesa da fararen da suka fito tare da ita, kuma matsayin da aka karrama ta dominsa shi ne na baiwa mai hidimar gida. Kason da masana'antar Hollywood ta ware wa baƙaƙen mata ke nan tsawon shekaru, wato su fito a matsayin masu girki ko masu raino. Cicely Tyson, wadda daga baya ta zama fitacciyar jarumar fim baƙar fata a Amurka, tana 'yar shekara 15 a lokacin.

An haife ta ranar 19 ga Disamba, 1924 a birnin New York, ta tashi a unguwar Harlem, iyayenta kuwa daga tsibirin Nevis na yankin Karibiyan suka zo. Ta yi aikin buga takardu a ƙungiyar Red Cross kafin ta shiga tallan tufafi, kuma da ta karkata ga wasan kwaikwayo, mahaifiyarta, wadda take mai tsananin riƙo da addini, ta kore ta daga gida. A dandamali ta fara yin suna, musamman a 1961 da ta fito tare da James Earl Jones da Maya Angelou a wasan The Blacks na Bafaranshe Jean Genet, wanda aka nuna fiye da sau 1,400. A 1963 ta samu gurbin dindindin a shirin talabijin na East Side/West Side, inda ta bar gashinta yadda Allah ya halicce shi ba tare da ta miƙar da shi ba, abin da a Amurkar wancan zamani ya zama babban zance.

Jarrabawar gaske ta zo ne a farkon shekarun 1970, sa'ad da kamfanoni suka gano akwai riba a fina-finan baƙaƙen fata masu cike da 'yan daba da dillalan ƙwaya da mata masu zaman kansu. Aiki ya samu ga duk mai so, amma Tyson ta ce ba da ita ba, ta gwammace ta zauna dogon lokaci babu aiki da ta fito a abin da take ganin zai zubar da mutuncin baƙar mace. A ganina, wannan ƙin shi ne ya daraja abin da ta karɓa. A 1972, cikin fim ɗin Sounder, ta fito a matsayin matar wani talakan manomi a jihar Louisiana wadda ta riƙe gida da gona bayan an ɗaure mijinta saboda ya saci abinci, aka kuma sanya ta takarar Oscar a shekara ɗaya da Diana Ross, wata baƙar jaruma. Babu wadda ta ci a cikinsu, sai a 2002 Halle Berry ta zama baƙar mace ta farko da ta lashe kyautar babbar jaruma.

A 1974 ta taka rawar Jane Pittman, matar da aka haifa cikin bauta ta kai shekara 110, wadda a ƙarshen labarin ta dogara sanda ta je ta sha ruwa a famfon da aka keɓe wa farare. Wannan ya ba ta kyautar Emmy, ta shirye-shiryen talabijin, guda 2. A shirin Roots na 1977 ita ce Binta, mahaifiyar Kunta Kinte a ƙasar Gambiya, sunan da ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Ta kuma fito a matsayin Harriet Tubman, mai kuɓutar da bayi, da Coretta Scott King, matar Martin Luther King, a 1978. Abin lura, a 2011 ta yarda ta fito 'yar aikin gida a fim ɗin The Help, wanda ke nuna ba sana'ar take ƙyama ba, yadda ake rubuta mai sana'ar ne damuwarta.

Ta koma dandamalin wasan kwaikwayo na Broadway da ke New York a 2013, ta lashe kyautar Tony, ta wasan dandamali, tana da shekara 88. Shugaba Barack Obama ya ba ta lambar yabo mafi girma ta farar hula a 2016, sannan a 2018 ta zama baƙar mace ta farko da aka ba Oscar ta girmamawa. Ta rasu ranar 28 ga Janairu, 2021 tana da shekara 96, kwana 2 bayan fitowar littafin tarihin rayuwarta.