Tuvix (kashin shirin Star Trek: Voyager)

Tuvix shi ne kashi na 24 a zango na biyu na Star Trek: Voyager, shirin talabijin na Amurka da ke cikin rukunin ƙagaggun labaran kimiyya. An fara haska shi ranar 6 ga Mayu, 1996 a tashar UPN. Cliff Bole ne ya ba da umarni, Kenneth Biller kuma ya rubuta wasan daga labarin da Andrew Shepard Price da Mark Gaberman suka kawo. Tsawonsa bai kai awa guda ba, amma musun da ya haddasa tsakanin masoya shirin ya haura shekara 25 bai kwanta ba: abin da Kyaftin Kathryn Janeway ta yi a ƙarshen kashin, kisa ne ko ceto?

Asali

Gene Roddenberry ne ya ƙirƙiro Star Trek, aka fara nuna shi a tashar NBC a 1966. Voyager reshe ne da ya biyo baya. Ya fara ranar 16 ga Janairu, 1995, ya ƙare ranar 23 ga Mayu, 2001 bayan zango bakwai, kuma shi ne na farko da mace ta ja ragamarsa a matsayin kyaftin, wato rawar da Kate Mulgrew ta taka. Labarin kumbo ne da aka wurga can wani ɓangare na sararin samaniya, nisan da haske kansa sai ya yi shekara 70,000 kafin ya ratsa. An ƙiyasta komawa gida za ta ci shekara 75. Saboda haka babu kotu a kusa, babu na gaba da za a kai wa ƙara. Duk abin da ya taso a kan kyaftin yake ƙarewa.

Akwai wata na'ura a shirye-shiryen Star Trek da ke narkar da mutum a wuri guda ta sake haɗa shi a wani wurin. An ruwaito cewa tsadar ɗaukar saukar kumbo a kowane mako ce ta sa aka ƙirƙiro ta tun farko, daga baya marubuta suka gano cewa tangarɗarta ma labari ce. A wani kashi na 1966 ta raba Kyaftin Kirk gida biyu, mai sanyin hali da mai mugunta, sai da aka sake haɗe su. A wani na 1993 aka gano ta taɓa yin kwafin Kwamanda Riker, aka samu mutum biyu kowa na cewa shi ne. Tuvix ya juya abin ne: biyu suka shiga, ɗaya ya fito. An ce da farko barkwanci aka so yi da labarin, a wajen rubutu ne ya yi nauyi.

Labarin

Tuvok, shugaban tsaron kumbon, mutum ne mai kamewa da ba a ganin fushinsa ko fara'arsa. Neelix mai girki ne, ga surutu ga raha. Jininsu bai haɗu ba. An aike su ɗebo tsirrai a wata duniya, da aka jawo su da na'urar sai wani fure da suka riƙo ya sa ƙwayoyin halittarsu suka cakuɗe. Wanda ya bayyana, mai suna Tuvix, da Tom Wright ya fito a matsayinsa, yana tuna duk abin da su biyun suka sani, hatta rigarsa haɗin gambiza ce ta kakin aiki da zanen rigunan Neelix.

Makonni suka shige ba a samu magani ba. Tuvix ya karɓi aikin tsaro ya iya, ya shiga kicin aka ce girkinsa ya fi na Neelix, ya yi abokai. Sannan likitan kumbon, wanda manhajar kwamfuta ce mai siffar mutum, ya gano hanyar raba shi. A nan Tuvix ya ce ba ya son mutuwa. Kes, budurwar Neelix, ta je wa Janeway da kuka tana son a dawo mata da shi. Tuvok kuma yana da mata da 'ya'ya a gida.

Janeway ta yanke a raba. Tuvix ya bi ma'aikatan ɗakin tuƙi ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai tsaya masa, kowa ya yi gum. Jami'an tsaro suka raka shi ɗakin jinya. Likitan ya ƙi, ya ce aikinsa ya hana shi cutar da wanda bai amince ba. Sai Janeway ta yi allurar da hannunta, ta kunna na'urar. Tuvok da Neelix suka dawo, ita kuma ta fice ba ta tsaya murna ba.

Ra'ayoyin masu kallo

Masu zargin Janeway sun fi dogara da abin da ido ya gani: mai rai, mai hankali, bai yi laifin komai ba, ya roƙi a bar shi, aka kashe shi. Suna kawo kashin 1989 da aka yi shari'a kan ko Data, mutum-mutumin shirin The Next Generation, yana da ikon ƙin a kwance shi, aka kuma ba shi gaskiya. Hujjarsu mafi ƙarfi daga Voyager kansa take. A zango na farko wasu halittu sun sace huhun Neelix suka dasa wa ɗayansu, Janeway ta ce ba za ta kashe ɓarawon don ta ceci Neelix ba. To me ya canza cikin shekara guda?

Masu kare ta suna cewa mutum biyun ba su da bakin magana, dole wani ya tsaya musu, kuma kyaftin ce ke ɗauke da amanarsu. Ba su zaɓi a haɗe su ba. Kumbon da ba ya da inda zai samo sababbin ma'aikata ba zai yi asarar jami'i ba. Wasu na kwatanta lamarin da sananniyar matsalar taragon jirgi da Philippa Foot ta gabatar a 1967, inda ake zaɓi tsakanin ran mutum ɗaya da na mutane da yawa.

Akwai 'yan neman mafita ta uku, masu cewa a yi kwafin Tuvix kamar yadda ya faru da Riker, a raba ɗaya a bar ɗaya. Wannan dabara ba ta da ƙarfi, domin kwafin ma cewa zai yi ba ya son mutuwa.

In an tace, saɓanin a wuri ɗaya yake. Wanda ya ɗauka Tuvok da Neelix sun mutu ranar haɗarin, yana ganin an kashe rayayye don tayar da matattu. Wanda ya ɗauka suna nan a tsare cikin wani jiki, yana ganin an kuɓutar da su. Kashin bai raba wannan gardama ba, kuma da alama da gangan ne.

A Katsina

Shirin bai yi kasuwa a Katsina irin ta fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa ba. Masu kallonsa ba su da yawa, galibi ɗalibai ne da ma'aikata masu jin Turanci, kuma a waya ko kwamfuta suke kallo, wani ya tura wa wani. Inda hirar kan taso shi ne majalisar dare da teburin mai shayi, daga Ƙofar Ƙaura zuwa ɗakunan ɗalibai na kan hanyar Dutsin-ma. Labarin yana da sauƙin bayarwa da baki, shi ya sa wanda bai kalla ba ma yakan tsoma baki. Ƙarami ya ce, "Yaya, ai biyu sun fi ɗaya." Babban ya ce mashi, "To kai in an ce a cire ƙodojinka a ba mutum biyu, ka yarda?"

Abin da ya bambanta musun a nan shi ne kayan aikinsa na fiƙihu ne. Masu zargi kan jawo aya ta 32 ta Suratul Ma'ida kan girman kashe rai ba da haƙƙi ba, da ƙa'idar cewa ba a gusar da cuta da cuta irinta. Masu karewa kan ce idan cuta biyu suka haɗu, mafi sauƙi ake ɗauka. Daga nan akan gangaro kan hukuncin wanda ya ɓace, wanda duk wanda ya karanta Risala a zaure ya sani: a mazhabar Malikiyya matarsa tana jiran shekara 4 bayan ta kai ƙara an yi bincike, sannan ta yi takaba, dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da ba a zaton irinsa yana raye. Masu kare Janeway suna cewa ke nan wanda ya ɓace haƙƙinsa bai faɗi ba, balle wanda aka san inda yake. Abokan musunsu kan amsa cewa jiran wanda ya ɓace daban, zubar da jinin wani don a dawo da shi daban. Wannan amsar ta fi wuyar turewa.

Tambayar ina ruhin mutum biyun ya shiga ba ta yin nisa, akan rufe ta da aya ta 85 ta Suratul Isra'i, mai cewa ruhi al'amarin Ubangiji ne. Wasu kuma ba sa son a sa nassi cikin labarin ƙirƙira ko kaɗan.

Bayan Voyager

Sauran zangunan Voyager ba su koma kan batun ba, abin da masu kallo da dama ke ɗauka a matsayin gazawar marubuta. A kafafen sada zumunta musun ya zama abin barkwanci, da hotuna masu neman a bi wa Tuvix haƙƙinsa. Wajen ƙarshen 2020 ya sake tashi a Twitter, har 'yar majalisar Amurka Alexandria Ocasio-Cortez da Kate Mulgrew suka sa baki.

Ranar 7 ga Satumba, 2023 shirin zane na Star Trek: Lower Decks ya buɗe zangonsa na huɗu da kashi mai suna Twovix, inda irin furen ya sake haɗe wasu ma'aikata biyu, daga baya aka haɗe wasu kuma. Marubutansa sun kauce wa tarkon: an dunƙule duk waɗanda suka haɗe suka zama curin nama marar hankali, sannan aka rarrabe su.

Samuwa

Ana samun kashin a Paramount+ da kuma faya-fayan DVD na zango na biyu.